An Dawo Daga Daji, Saura Bashi

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da muka daɗe muna kewaye ta a majalisunmu na Gusau da Tsafe da Bungudu, kowa yana jin nauyin ya fara. Idan ɓarayin daji suka sako ɗan'uwanmu, mukan cika gidansa da barka da arziki, a yi kuka, a yi addu'a, a kai shi asibiti a duba ƙafafunsa. Bayan mako guda ƙafa ta ɗauke. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, kuɗin da aka kai daji daga ina suka fito? Alhali kuwa mun sani sarai. An jinginar da gona, an sayar da shanun huɗa da babur, an karɓi jarin ƙanensa da ke kasuwa, uwargida ta cire 'yan kunnenta, sauran kuma aka bi abokan arziki ɗaya bayan ɗaya cikin dare ana cewa a taimaka, in Allah Ya kuɓutar da shi za a biya. To, Allah Ya kuɓutar da shi. Ya fito daga ɗaurin ɓarayi ya shiga ɗaurin bashi, kuma wannan na biyu ba a cika zuwa yi wa mutum jaje a kansa ba.

Ba wanda aka sace kaɗai ne ke cikin wannan hali ba. Manomin da aka hana shi zuwa gonarsa, ko aka ɗora wa ƙauyensu haraji kafin a bar su su girbe abin da suka shuka, ya ci bashi. Ɗan kasuwar da ya zauna ba ciniki a watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a faɗin Zamfara, ya cinye jarinsa ya ci na wasu. Aka zo canjin kuɗi a farkon 2023, mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na cefane, har sai da Zamfara da Kaduna da Kogi suka kai Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar. Litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta koma wajen 500, a 2024 kuma ta haura 1,000. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Ma'aikaci mai albashi ya koma yana karɓar albashinsa don ya miƙa wa mai shago, sannan ya buɗe sabon shafi a littafin bashi tun ranar biyu ga wata.

Saboda haka ba mu rubuta wannan don mu kunyata kowa ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manzon Allah (SAW) ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i talatin na sha'ir da ya karɓa don iyalinsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. A cikin hadisin Ƙabisa ɗan Mukhariƙ da ke Sahihu Muslim, an halatta roƙo ga mutum uku, daga cikinsu akwai wanda ya ɗauki nauyin biyan wata dukiya don sulhunta jama'a, da wanda wata annoba ta share masa dukiya. Duk wanda ya san abin da ya faru a ƙauyukan Tsafe da na Bungudu cikin shekarun nan ya san cewa masu wannan siffa sun yi yawa a cikinmu. Wanda ya ci bashi don ya ceto ran ɗansa bai yi abin kunya ba.

Amma ga inda muke son mu tsaya da kyau. Musiba uzuri ce ta neman jinkiri. Ba ta goge bashi. Mun lura da wani tunani da ke yaɗuwa, wai tunda ba mutum ne ya jawo wa kansa ba, kuma kuɗin ɓarayi ne suka ci, to wanda ya ba da rance shi ma sai ya ɗauka ƙaddara ce ta faɗa masa. Wannan ba hukuncin Musulunci ba ne. An kawo gawar wani sahabi, Manzon Allah (SAW) ya tambaya ko akwai bashi a kansa, aka ce akwai, kuma bai wuce dinare biyu ko uku ba gwargwadon ruwayoyi, sai ya ja da baya ya ce su sallaci abokinsu, har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. A Sahihu Muslim kuma ya tabbata cewa shahidi ma ana gafarta masa komai ban da bashi. Idan wanda ya ba da jininsa bai tsira daga wannan haƙƙi ba, ina ga ni da kai?

Ciwon farko da muke gani shi ne ɓuya. Mutum ya sauya masallaci don kada su haɗu da mai binsa, ya ga kiran wayarsa ya kife ta, in an yi kiciɓis a jana'iza ya yi gaisuwa da sauri ya sulale. Mai bin bashi kuwa, wanda da an zo an zauna da shi an faɗa masa gaskiya zai yi haƙurin shekara, sai zuciyarsa ta ƙeƙashe, ya rantse ba zai sake taimakon kowa ba. Ranar da aka sake sace wani, aka zo neman agaji, sai a tarar ƙofar a rufe. Wannan ɓarnar ta fi kuɗin girma, domin a wannan yanki namu, bayan Allah, rancen 'yan'uwa shi ne abin da ya rage wa talaka.

Maganin ɓuya shi ne takarda da biro. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta shi, a sa masa lokaci, a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Mu da muke kiran mutane zuwa ga Sunna, abin mamaki, muna cikin masu jin kunyar rubutawa, wai kada a ce ba mu yarda da juna ba. Kuɗin fansa kuwa galibi cikin ruɗani ake tara su, ba rubutu ba shaida. Bayan wata shida wannan ya ce rance ya bayar, wancan ya ce shi a zatonsa gudummawa ce. Abin da ya kamata duk wanda ya fito daga irin wannan hali ya fara yi, tun kafin ya koma kasuwa ko gona, shi ne ya zauna da wani amintacce su bi sunaye ɗaya bayan ɗaya: wane ne ya bayar, nawa, kyauta ce ko rance. Sannan ya taka da ƙafarsa ya je wurin kowane ɗaya, ya yi godiya, ya faɗi abin da zai iya da lokacin da zai iya, a rubuta, iyalinsa su san inda takardar take. Bashi yana gaba da rabon gado, kamar yadda ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i suka nuna. Yaya magada za su biya abin da ba su san da shi ba?

A nan labarin Zubairu ɗan Awwam (RA) ya cancanci a tsaya a kansa. Mutane sukan kawo masa ajiya, shi kuwa sai ya ce a mayar da ita rance, don in ta salwanta ya zama wajibi ne ya biya. A ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, da ya ji a jikinsa ba zai kai gobe ba, ya kira ɗansa Abdullahi, kuma babban abin da ya dame shi a wannan sa'a shi ne bashinsa. Da aka lissafa aka sami miliyan biyu da dubu ɗari biyu. Abdullahi ya sayar da filin mahaifinsa na Gaba ya biya. Da magada suka ce a raba musu saura, sai ya ƙi, ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji cewa duk mai bin Zubairu ya zo, sannan ya raba. Shekara huɗu! Mu kuwa yau ana gama sadakar uku ake fara auna gona.

To, da wane za a fara? A ganinmu, a fara da bashin da ke haihuwa. Duk wanda tsananin buƙata ta kai shi ga bashi mai ruwa, ko na banki ko na manhajojin waya da ke bin lambobin abokan mutum suna tozarta shi, to ya tuba ya yi gaggawar fita, ko da zai sayar da abin da yake so. Riba kuma ba a banki kaɗai take ba, tana nan cikin ƙauyukanmu da sunaye na gida. A ba manomi buhun gero da damina a ce ya dawo da biyu da kaka, wannan riba ce tsagwaronta. Dabam yake da a ba shi kuɗi hannu a kan zai kawo hatsi sananne, da mudu sananne, a lokaci sananne. Wannan shi ne salam, kuma Shari'a ta halatta shi, ko da yake mai karya farashi don ya ga ɗan'uwansa a matse ba zai rasa tambaya gaban Allah ba. Haka nan jinginar gona a kan rance: mai kuɗi ya riƙe gonar yana nomawa yana cinye amfaninta shekara da shekaru, kuɗinsa kuma suna nan cif-cif ba su ragu ba. Wannan rance ne da ya jawo amfani, kuma malamai sun hana. Gonaki nawa ne suka fita daga hannun masu su ta wannan hanya tun da aka fara biyan fansa? Muna kira ga 'yan'uwa da ke riƙe da irin waɗannan gonaki su lissafa abin da suka girba su cire daga bashin.

Bayan wannan sai bashin wanda ya fi rauni: bazawarar da ta ba da kuɗin adashenta, ɗan tireda da ya ba da rabin jarinsa. Attajirin da zai iya jira a nemi ya jira. Kada kuma a raina kaɗan. A misali, wanda ake bi naira 600,000, in ya ɗaure wa kansa 5,000 duk mako, cikin mako 120 ya gama, wato shekara biyu da 'yan watanni. Wanda ke jiran ranar da zai sami dubu ɗari shida a dunƙule, mai yiwuwa ne Mala'ikan mutuwa ya riga ta zuwa.

Akwai wani dalili kuma na gaggawa da ba a cika lura da shi ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bashin kuɗi da adadinsa ake biya, ba da ƙimarsa ba. Ma'ana, wanda ya ranta maka naira 500,000 a farkon 2023, ita ɗin dai zai karɓa, alhali abin da za ta saya ya zaftare ƙwarai. Kowane wata na jinkiri, daga aljihunsa ake cira. Shi ya sa hadisin da ya kira jinkirin mai hali zalunci ya fi nauyi a wannan zamani. Wanda Allah Ya buɗa masa, ya kyautu ya ƙara wani abu da kansa lokacin biya, ba tare da an sharɗanta ba, domin Manzon Allah (SAW) ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi.

Mai bin bashi shi ma akwai nasa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta wajabta a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Kai mutumin da bai gama warkewa daga dukan ɓarayi ba gaban alƙali, alhali ka san ba shi da ko akuya, ba jarunta ba ce. Jama'a kuma akwai nata, kuma a nan ne muke ganin mun yi sakaci. Cikin kashi takwas na masu cin zakka da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, na shida su ne waɗanda bashi ya yi wa katutu. Malamai sun yi saɓani a kan biyan fansa kai tsaye daga zakka, amma wanda ya riga ya fito da bashi a wuyansa, wannan mabashi ne. Jihar da ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, take kuma da Hukumar Zakka da Waƙafi, bai kamata wannan kaso ya zama baƙo a cikinta ba. Sau nawa attajiranmu suke raba zakka naira dubu-dubu ga layin mutane a ƙofar gida, ta ƙare a cefanen yini guda, alhali da an haɗa ta da ta fanso gonar magidanci ɗaya ya koma ciyar da mutum goma sha biyar?

Sai maganar da ta fi ɗaci. Ba a biyan bashi da abin da ya rage bayan an gama kashewa, domin ba abin da ke raguwa. Ana biyansa ne da abin da aka hana kai. Mun ga gidan da ake bin mai shi kuɗin fansa, bai cika shekara da dawowa ba aka yi biki da anko kala uku, da akwatunan lefe jere, da gara, da taron hotuna a ɗakin haya. Wanda ya ba da rancen yana cikin 'yan ɗaurin aure yana kallo. In an yi magana sai a ce ai fita kunya ce. Wace kunya ce ta fi ta haƙƙin mutum a wuyanka? Aure yana ƙulluwa da waliyyi da shaidu da sadaki da siga. Walima kuma gwargwadon hali ce. Abin da ya ƙaru a kan haka al'ada ce, kuma in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya.

Kada maza su karanta wannan su juya suna kallon mata. Mun saba ɗora laifin almubazzaranci a kan iyaye mata, mu manta da namu: sabuwar waya duk shekara, kuɗin data da ke tafiya a kallon abin da ba ya ƙara komai, tsire da shayi a majalisa kowane dare alhali an bar gida da tuwo ba miya mai kyau, ƙarin aure da kuɗin da ba naka ba, da Umara ta biyu da ta uku ga mutumin da mai shago ke binsa. Ba mu ce a koma rowa ba. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro, kuma ciyar da iyali wajibi ne da ba a tauye shi don biyan bashi. Abin da muke cewa a yanke shi ne abin da ake yi don idon mutane. A wannan yanki ma idon mutane ya zama haɗari, tunda kowa ya san akwai masu kai wa ɓarayi rahoton wanda ya yi sabon gini ko ya sauke kaya.

Idan an sauke bashi, ko ma ana cikin saukewa, sai tanadi. Wasu daga cikinmu suna ganin ajiya rashin tawakkali ce. Ina suka bar Annabi Yusuf (AS), wanda ya tsara wa Masar tanadin shekara bakwai, ya ce a bar hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace? Ya kuma tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Kakanninmu da suka gina rumbu ba su kasance masu raunin imani ba.

Sai dai dole mu faɗi gaskiya: tanadi a Zamfara ta yau ya fi na zamanin kakanninmu wuya. Bankin Bahaushe shi ne rumbu da garke, su ne kuwa abin da ɓarayi suka fara ƙonewa da korawa. Kuɗi a asusu kuma hauhawar farashi na cin su kamar gara. Ba mu da amsa guda da za ta wadatar, amma hankali ya nuna kada a tara komai wuri ɗaya. Wani abu ya zama hatsin ci na gida, a ajiye a gari wurin amintacce in ƙauye ba lafiya. Tanadin abincin iyali dabam yake da ɓoye kaya don a tsawwala wa jama'a. Wani abu ya zama tunkiya ko akuya a cikin gida. Wani ya shiga adashe, amma adashe mai littafi da shaidu, kuma a san abin da za a yi da kwasa tun kafin ta zo, don kada ta ƙare a anko. Ga kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012. Musulmin Malesiya sun fara asusun maniyyata a 1963, wanda ya zama Tabung Haji, saboda manomansu suna sayar da gonaki da dabbobi don zuwa Makka su dawo ba abin yi. Da ajiyar kaɗan-kaɗan ta talakawa aka gina shi.

Abin da za mu yi kashedi a kansa da babbar murya shi ne neman mayar da hasara dare ɗaya. Wanda aka yi wa rauni shi ne abincin mayaudara. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ta yi haka a Afrilu 2025, kuma gobe wata za ta zo da sabon suna, wataƙila ma da sallama da ambaton Allah a bakinta. Haka cacar ƙwallo da ta shiga wayoyin samarinmu. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda ba tare da ka ga hajar da ake saye da sayarwa ba, ka riƙe abinka.

Muna roƙon shugabannin rassa da limamanmu na Gusau da Tsafe da Bungudu, kafin a fara fitar da zakkar hatsi ta kaka mai zuwa, kowane masallaci ya zaɓi mutum uku masu riƙon sirri. Su bi gidajen da aka san an biya fansa ko an yi hasarar gona, su taimaka a rubuta basussukan, su shiga tsakani a sa lokutan biya, su roƙi masu hali su yafe abin da za su iya, sannan su kai wa masu fitar da zakka adadin abin da ya rage ba tare da an karanta sunan kowa a lasifika ba. Wanda kuma yake riƙe da gonar jingina, su fara da shi.

Allah Ya kuɓutar da 'yan'uwanmu da har yanzu suke hannun ɓarayi, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya.